Wa aka biya, wa aka manta: rigimar aro a kiɗan furog

A 1958 gwamnatin Amurka ta tura makaɗin jaz Dave Brubeck yawon kiɗa ƙasashe, tafiyar ta biya da shi Turkiyya. A titin Santambul ya ji makaɗa suna wani kiɗa mai bugu 9 a kowace gaɓa, amma ba a raba bugun uku-uku kamar yadda ya saba ba. Ga yadda ake ƙirga shi: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku. Turkawa na ce wa irin wannan tafiya aksak, wato ɗingishi, saboda takun ƙarshe ya ɗara sauran tsawo. Brubeck ya koma gida ya gina "Blue Rondo à la Turk" a kanta, ya fito a faifan Time Out a 1959. Wajen 1967 wani matashin Ingila mai kaɗa ogan, Keith Emerson na ƙungiyar The Nice, wanda ke cikin masu fara kiɗan furog, ya ɗauki kiɗan Brubeck ya miƙe masa ƙafa, ya mai da shi bugu huɗu-huɗu irin na rok, ya kira shi "Rondo".

A lura da abin da ya faru a hanya. Abin da ya isa hannun Emerson karin Brubeck ne, wanda ke da mai shi, da kamfanin da ke karɓar masa kuɗi. Ɗingishin Turkawa, wanda shi ne gishirin kiɗan tun farko, ya faɗi a hanya. Ko da bai faɗi ba, babu dokar da za ta ce a biya makaɗan titin Santambul ko kwabo. Yawancin gardamar da ake yi kan aron al'ada a kiɗa tana lalacewa ne saboda ana cuɗa tambayoyin da ba ɗaya ba: me aka ɗauka, sunan wa aka rubuta, aljihun wa kuɗin ya shiga, kuma abin da aka ɗauka ɗin na wasa ne ko na ibada.

Kiɗan da Turawa ke kira progressive rock, masoyansa su gajarta su ce furog, ya taso a Ingila tsakanin 1967 da 1969. Faifan da aka fi ɗauka a matsayin mafarinsa shi ne In the Court of the Crimson King na King Crimson, Oktoban 1969. Sai Yes, Genesis, Jethro Tull, Van der Graaf Generator, Gentle Giant, da Emerson, Lake & Palmer, wato ELP. Pink Floyd ma ana lissafa su, ko da yake ana musu a kai. Alamominsa a fili suke. Waƙa ba ta tsayawa a minti 3 na rediyo: "Close to the Edge" ta Yes ta haura minti 18, "Supper's Ready" ta Genesis ta kusa 23. Wannan tsawon ma faifai ne ya yanka shi, domin gefe ɗaya na faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 20 da ɗoriya sai an matse layukan da allura ke bi, in kuwa aka matse su ƙara ta ragu, kaurin sauti ya zube. Sai ƙirgen da ba huɗu-huɗu ba: "Money" ta Pink Floyd bakwai-bakwai take tafiya, "Living in the Past" ta Jethro Tull biyar-biyar. Sai kuma fifita ogan da fiyano da na'urorin madanni irin Moog da Mellotron a kan jita.

Tuhumar farko: girman kai da gudun gida

Rok ɗan buluz ne, buluz kuwa na baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne. Samarin Ingila na shekarun 1960 da shi suka tashi, wasunsu kuma suka kwashi kaya ba tare da sallama ba. Willie Dixon sai da ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 kan "Whole Lotta Love" kafin aka sasanta, sunansa ya hau waƙar. 'Yan furog suka ce su ba za su bi wannan hanya ba. Ba a Misisifi aka haife su ba, gadonsu waƙar coci ce da rubutaccen kiɗan Turai, da shi za su gina nasu. Sai masu sharhi, musamman a Amurka, suka juyo musu da wata tuhumar: sun wanke rok daga asalinsa, sun sa masa kwat da lakataye don ya burge malaman makaranta. Gaba kura, baya sayaki. Wanda ya riƙe buluz ɓarawo, wanda ya sake shi mai raina baƙar fata.

Tuhumar tana da ƙamshin gaskiya, amma an yi mata ƙari. Bashin jaz da ke wuyan furog babba ne. Tsakiyar "21st Century Schizoid Man" jaz ne tsagwaronsa a kan lantarki. Bill Bruford, mai gangar Yes da King Crimson, a hannun makaɗan jaz na Amurka ya sha. Ian Anderson na Jethro Tull ya koyi busa sarewa yana gunji a cikinta daga Roland Kirk, makaho baƙar fata ɗan Amurka, kuma a faifansu na farko a 1968 ya busa "Serenade to a Cuckoo" da sunan Kirk a kai. Zancen cewa duk 'ya'yan masu hali ne ma rabin gaskiya ne. 'Yan Genesis na farko a Charterhouse suka haɗu, makarantar kuɗi ta manya. Amma Jon Anderson na Yes ɗan talakawan Accrington ne da ya bar makaranta da wuri ya yi aikin gona, Greg Lake na King Crimson da ELP ma a gidan talakawa ya tashi a Dorset.

Girman kan kuwa ba ƙage ba ne. John Peel na BBC ya kira wasan ELP ɓarnar basira da wutar lantarki. A 1977 ƙungiyar ta ɗauki cikakkiyar okestira zuwa yawon Amurka, kuɗi ya ƙare, aka sallami makaɗan tun tafiya ba ta yi nisa ba. A lokacin ne 'yan pank, wani sabon salon rok mai kaushi, suka zo da waƙar minti biyu, mawaƙinsu Johnny Rotten na yawo da rigar Pink Floyd da ya rubuta wa "na tsani" a sama. Shi ɗin ne kuma, da aka gayyace shi gidan rediyo a 1977 ya zaɓi fayafayan da yake so, ya sa Peter Hammill na Van der Graaf da Can ta Jamus.

Abin da doka ke gani da abin da ba ta gani

Kowace waƙa da ke kan faifai haƙƙi biyu ne a kanta. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato kari da baitoci, na mawallafi da kamfanin da ke kula masa. Akwai haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda galibi na kamfanin da ya biya kuɗin sitidiyo ne. Bugu, da salo, da jerin sautukan da al'umma ke waƙa da su, da amon kayan kiɗa, duk doka ba ta ba kowa su ba. Tsarin ya samo asali ne daga Turai, inda kiɗa abu ne da mutum ɗaya mai suna ke rubutawa a takarda. Duk al'adar da ƙarfinta ke cikin ganga, ko wadda ba a san wanda ya fara waƙarta ba, a waje aka bar ta.

Tarihin ELP ya nuna yadda abin ke aiki in akwai takarda. A 1970 dokar Ingila tana kare aiki har shekara 50 bayan mutuwar mai shi. Bach ya mutu a 1750, Mussorgsky a 1881, saboda haka "Bourée" ta Jethro Tull da Pictures at an Exhibition da ELP suka naɗa a Newcastle a 1971 ba su buƙaci izinin kowa ba. Amma "The Barbarian", waƙar da ta buɗe faifansu na farko, "Allegro barbaro" ce ta Béla Bartók ta 1911, Bartók kuwa a 1945 ya mutu. Bugun farko ya fita babu sunansa. Matarsa ta yi magana, aka gyara. "Knife-Edge" a faifan ɗaya daga Sinfonietta ta Janáček aka ciro ta, shi ma sunansa daga baya ya hau. Emerson ya koyi darasi. A 1973, da ya so ya juya wani ɓangare na kiɗan Alberto Ginastera ɗan Ajantina, sai ya tashi takanas ya je Janiba ya kunna masa, mai abu ya ji ya amince. King Crimson kuwa magadan Gustav Holst sun hana su naɗa "Mars", sai suka sauya mata fasali suka kira ta "The Devil's Triangle" a 1970. Holst ya mutu a 1934, wa'adinsa ya cika a ƙarshen 1984, a 1986 Emerson da Lake da Cozy Powell suka naɗa "Mars" da sunanta ba wanda ya ce uffan.

Shi Bartók ɗin daga ina ya samo? Shekaru ya yi yana bin ƙauyukan Hangari da Romaniya da Sulobakiya da na'urar ɗaukar murya, ya je Biskra a Aljeriya a 1913, ya je kudancin Turkiyya a 1936. Ya yi aikin da gaskiya, yana rubuta sunan ƙauye da na mai waƙa. Duk da haka, da ELP suka biya, gidan Bartók aka biya. Sarƙar kuɗi tana tsayawa ne a kan mutum na farko da ya sa hannu a takarda. Akwai ma wata ƙofa da ta fi wannan faɗi: in ka rubuta a faifai cewa waƙa ta gargajiya ce kai ka tsara ta, kason mawallafi kai zai zo wa. Haka "Mbube" ta Solomon Linda, wadda ya naɗa a Johannasbag a 1939, ta zaga duniya da wasu sunaye, shi ya mutu a 1962 cikin talauci, 'ya'yansa ba su ga sulhu ba sai 2006.

Ko a cikin gida dokar tana makancewa in ba a rubuta abu ba. Clare Torry ta shiga sitidiyon Abbey Road a Janairun 1973, aka kunna mata fiyano aka ce ta rera abin da ya zo mata, babu baiti. Abin da ta rera shi ne "The Great Gig in the Sky". Fam 30 aka ba ta. Sai da ta shigar da ƙara a 2004, aka sasanta a 2005, sunanta ya shiga cikin mawallafa. In mace Baturiya a Landan ta jira shekara 32, sai a auna lamarin makaɗin ƙauye da ko labarin faifan bai ji ba.

Aron amo da aron zubi

A nan ne masu kunne suka fi samun abin faɗa, domin ba duk aro ne iri ɗaya ba. Mafi arha shi ne aron amo. Bayan George Harrison na Beatles ya sa sitar, molon Indiya, a "Norwegian Wood" a 1965, kowa ya so wannan ƙarar. Wani kamfanin Amurka ya ƙera Coral, jita ce ta lantarki da aka yi wa gada mai faɗi don tsirkiya ta riƙa zuzu, aka jera mata ƙarin tsirkiya 13 a gefe masu amsawa da kansu. Steve Howe na Yes ya kaɗa ta a Close to the Edge. Tana da daɗin ji, amma ba sitar ba ce. Ƙarafan wuyan sitar a lanƙwashe suke, makaɗi yana jan tsirkiya gefe ya zame daga sauti zuwa sauti har huɗu ko biyar ba tare da ya sake ta ba, kuma a cikin wannan zamiya raga, wato tsarin karin kiɗan Indiya, take zaune. Raga ba jerin sautuka ba ce kawai. Tana da hanyar hawa da ta sauka, da sautin da ake daɗewa a kai, da lokacin yini da ake kaɗa ta. Tana tafiya a kan sauti ɗaya da wani molo mai suna tanpura ke riƙewa ba ya motsi. Rok kuwa kowace gaɓa ko biyu yana sauya haɗin sautukan ƙasa. Da zarar an sauya, sautin da raga ta jingina da shi ya gushe, abin da ya rage ado ne.

Ravi Shankar, gwanin sitar ɗan Indiya, ya ji daɗin ɗalibinsa Harrison, amma ya sha nuna ɓacin rai kan yadda aka haɗa kiɗansa da shaye-shaye. A wasan tallafa wa Bangaladash a New York, 1 ga Agustan 1971, shi da abokansa suna gama saita tsirkiya sai jama'a suka ɓarke da tafi, sun zaci an gama kiɗa na farko. Irin wannan sanin shanu ya shiga baitoci ma. Tales from Topographic Oceans na Yes, faifai biyu, waƙa 4, kimanin minti 80, an gina shi ne a kan wani ƙarin bayani na ƙasan shafi da Jon Anderson ya karanta a littafin Yogananda game da rukunan littattafan Hindu. Ilimin dubban shekaru, ƙasan shafi ɗaya. Rick Wakeman, mai kaɗa wa Yes ogan, wanda ya bar ƙungiyar a 1974, da bakinsa yake ba da labarin yadda ya ci abinci a kan dandali ana tsakiyar kaɗa shi saboda gundura.

John McLaughlin, makaɗin jita ɗan Ingila, ya bi doguwar hanya. Ya zauna gaban malami ya koyi vina, molon kudancin Indiya, ya sa aka ƙera masa jita da aka ƙwaƙule katakon da ke tsakanin ƙarafanta don ya iya jan tsirkiya, da ƙarin tsirkiya 7 masu amsawa. A ƙungiyar Shakti, daga tsakiyar shekarun 1970, shi kaɗai ne Bature, tare da Zakir Hussain a tabla, L. Shankar a goge, Vikku Vinayakram a tulun kiɗa. Ƙirgen nasu ne: tintal mai bugu 16, jhaptal mai 10 da ake rabawa 2-3-2-3, rupak mai 7 da ake rabawa 3-2-2, kuma duk yawon da makaɗi zai yi dole ya sauka daidai kan bugun farko tare da kowa. Wanda ya kuskure a nan ba shi da wurin ɓuya. Shakti ba ta yi kasuwar da ƙungiyarsa ta baya, Mahavishnu Orchestra, ta yi masa ba, abin da ke nuna wane irin aro ne kasuwa ta fi saye.

Akwai hanya ta uku. Steve Reich ɗan Amurka ya je Jami'ar Gana a 1970 ya koyi gangar Ewe, ya dawo da ra'ayin cewa bai kamata Bature ya kwaikwayi amon Afirka ba, gara ya fahimci yadda aka gina kiɗan ya yi aiki da wannan fahimta a kan kayansa. King Crimson na 1981 haka suka yi da gamelan, kiɗan ƙarafa na Indunusiya. A Bali makaɗa biyu ne ke raba kari ɗaya, wannan ya buga inda wancan ya bari, har a sami gudun da hannu ɗaya ba zai iya ba. A "Frame by Frame" Adrian Belew yana maimaita sauti 7, Robert Fripp yana yin 7 sannan 6, wato 13. Kowane zagaye Fripp na tsere wa abokinsa da sauti ɗaya, kuma a lissafi ba za su sake haɗuwa ba sai bayan sauti 91. Babu ƙarfen Bali ko ɗaya a faifan. An yi asarar wani abu, domin gamelan ba a kan sautuka 12 na fiyano aka saita shi ba, kuma ana saita kayan bibbiyu da ɗan saɓani da gangan don sauti ya riƙa kaɗawa kamar igiyar ruwa. Amma ba a sa rigar kowa ba, ba a kuma yi da'awar wakiltar kowa ba. A ganina wannan ne aron da ya fi tsabta, kuma abin dariya shi ne doka ba ta neman ko sisi a kansa.

Lokacin da tef ya shigo

Mellotron kanta kayan aro ce. Harry Chamberlin ne ya ƙirƙiro na'urar a Kalifoniya, wani dillalinsa ya kai biyu Ingila a 1962, wasu 'yan'uwa a Bamingam suka ƙera tasu, sai daga baya aka sasanta da mai ita. Samfurin M400 yana da madanni 35, ƙarƙashin kowanne akwai zaren tef da aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane na gaske. In ka danna, tef ya yi tafiyar daƙiƙa 8 ya ƙare, in ka saki waya ta ja shi baya. Danna da yawa lokaci guda yana nauyaya wa injin, sauti ya sauka. Zafi da laima suna miƙar da tef. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta yi adawa da ita don tana cin abincin masu goge, waɗanda ake jin hannunsu a ɗaruruwan fayafayai babu sunansu. Daga nan zuwa yanko muryar wani daga faifai taki ɗaya ne.

A 1967 aka naɗi makaɗan ganga a Burundi, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar a faifan nazari. A 1971 wani Bafaranshe, Michel Bernholc, ya ɗora fiyano da jita a kai ya sayar da sunan "Burundi Black". Joni Mitchell ta yi amfani da gangar a 1975, Adam and the Ants da Bow Wow Wow suka gina suna a kan bugun. Masu gangar ba su shiga lissafi ba. Kuma gangar ba ta dandali ba ce, ta sarauta ce, kusan matsayin tambari a fada. 'Yan Can a Jamus aƙalla sun yi wa kansu adalci: jerin kiɗan da suke kwaikwayon wasu al'ummu sun sa masa suna jabun nazarin al'adu.

Misalin da ya fi nauyi shi ne My Life in the Bush of Ghosts na Brian Eno da David Byrne, 1981. Sunan ma na littafin Amos Tutuola ne ɗan Najeriya. Eno na gefen furog ne, ya yi faifai da Fripp a 1973, Fripp kuma ya taɓa hannu a wannan. Sun ɗauko muryoyi daga rediyo da fayafayan nazari suka ɗora a kan kiɗan rawa, ciki har da muryar Dunya Yunis 'yar Labanan, da karatun Alƙur'ani na wasu Musulmin Aljeriya. Wata majalisar Musulunci a Birtaniya ta kai kuka, aka cire wannan daga bugun da suka biyo baya, ko a sabon bugun 2006 ba a mayar ba. A nan batun suna da kuɗi bai ma taso ba. Da sun rubuta sunan kowane makaranci sun biya shi ninki goma, matsalar tana nan, domin ga masu abin tilawa ba waƙa ba ce. Kunnen da ya saba jin komai a matsayin sauti shi ne bai ga iyakar ba.

Peter Gabriel, wanda ya bar Genesis a 1975, shi ne aka fi jayayya a kansa, don ya yi abin yabo ya kuma bar abin tambaya. Ya shirya bikin WOMAD na farko a 1982, bikin kiɗan ƙasashe daban-daban, makaɗan Burundi suka zo da kansu suka buga. Bikin ya faɗi warwas, har sai da tsoffin abokansa na Genesis suka sake haɗuwa da shi a Milton Keynes a watan Oktoba don a biya bashi. A 1989, da ya fitar da Passion, ya haɗa da wani faifan na makaɗan da ya sha daga wurinsu, da sunayensu. Kamfaninsa Real World ya fitar da ƙawalin Nusrat Fateh Ali Khan, wato waƙar begen Sufaye, yadda yake, ya kuma fitar da wanda aka cakuɗa da kayan Turai, wanda masu riƙon gargajiya a Pakistan suka yi wa tsaki. Tambayar da ta rage ita ce ta mai riƙe da ƙofa. Youssou N'Dour tauraro ne a Dakar tun kafin "In Your Eyes" ta 1986, amma jaridun Turai sai su rubuta kamar tsinto shi aka yi. A 1987 kuma wasu 'yan kasuwar faifai suka zauna a wata mashaya a Landan suka amince da laƙabi ɗaya, kiɗan duniya, aka zuba Senegal da Pakistan da Bulgeriya a akwati guda.

Masu cewa ai duk kiɗa aro ne, don haka a bar maganar, suna da hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Ruwan ba gefe ɗaya yake gangara ba. A Turkiyya Moğollar da Erkin Koray da Cem Karaca sun ɗauki ogan da jitar lantarki suka ɗora wa waƙoƙin Anatoliya, da ɗingishinsu cikakke, Koray ma yana cikin na farko da suka jona wa molonsu bağlama wuta don jita ba ta da sautukan tsakani da waƙoƙin ke bukata. Los Jaivas na Chile sun haɗa Moog da sarewar Andis a 1981 a kan waƙen Neruda. Triana a Sifen sun yi da filamenko. Osibisa, 'yan Gana da Najeriya da Karibiyan da suka haɗu a Landan a 1969, Roger Dean ne ya zana musu giwa mai fiffike a 1971 kafin ya zama mai zanen Yes. Ginger Baker, mai ganga ɗan Ingila, ya naɗi faifai da Fela a 1971 ya kuma gina sitidiyo a Ikeja ta Legas, samarin da suka yi aiki da shi suka kafa Blo. Fela kansa jaz da James Brown sun ratsa shi, wannan bai hana shi zargin Paul McCartney da zuwa satar kiɗan baƙar fata ba a 1973, har sai da McCartney ya kunna masa abin da yake naɗa ya ji babu Afirka a ciki. Mu ma nan, duk wanda ya san waƙoƙin finafinan Kano na farkon shekarun 2000 ya san karin Indiya nawa aka ɗora wa baitin Hausa a kan fiyano, ba a aika wa Mumbai ko wasiƙa ba.

Inda hujjar ta gaza shi ne ta ɗauka kowa da ƙarfinsa ɗaya. In ɗan Santambul ya ari salon Landan, Landan ba ta rasa komai, duniya ta san na wa ne. In ɗan Landan ya ari na ƙauyen Burundi, nasa ne za a fara ji, nasa ne za a saya, mai asali in ya zo daga baya sai a ce yana kama da wane. Kuma in abu ya juyo ta ɗaya gefen, takarda na nan tana jira. Kanye West ya yanko muryar Greg Lake daga "21st Century Schizoid Man" ya sa a "Power" a 2010, aka yi yarjejeniya, kuma a 2022 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin naɗin ya kai Universal kotu a Landan, ba kan ko za a biya ba, kan yadda ake lissafin kason sauraro ta intanet.

An gwada toshe ramin da doka. Tun 1976 aka tsara wani samfurin doka a Tunis don ƙasashe masu tasowa su kare kayan gargajiya, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ma ta tanadi cewa hukuma ce ke ba da izinin cin kasuwa da su. Gana ce ta fi nuna inda gizo ke saƙa. Paul Simon ya yi amfani da "Yaa Amponsah" a faifansa na 1990, ya nemi wanda zai biya, kuɗin ya shiga hannun gwamnati a matsayin kayan gargajiya, aka kafa hukumar kula da su. Alhali waƙar tana da tarihi: Kumasi Trio sun naɗe ta a 1928, kuma salon jitarta ya ratsa hailaif gaba ɗaya. Da dokar 2005 ta zo, sai ta ce duk mai son cin kasuwa da kayan gargajiya ya nemi izini ya biya, ba ta ware ɗan ƙasa ba. Makaɗan Gana suka yi ca, domin a kan takarda jikan mai waƙar ma sai ya je ofis a Akara ya biya kafin ya naɗi abin da ya koya a tsakar gidansu.